KEKEN ƊINKI MAI TSARON RUMBU

Duk wanda ya zauna a ƙasar Karaye da Rogo ya san kaka takan zo da baƙi biyu. Na fari shi ne amfanin gona, watau dawa, da masara, da gyaɗa, da waken soya, da rake. Na biyu kuwa shi ne biki. Da an gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ji guɗa a Turawa yau, gobe a Yammedi, jibi a Zarewa ko Fulatan. Daga watan Nuwamba har bayan Kirsimeti da wuya mako ya wuce ba a kai amarya ba.

Aure abin murna ne, ba mai gardama. Amma bari mu tambayi kanmu, 'yan'uwa manoma, daga ina kuɗin kayan biki suke fitowa? Daga rumbu suke fitowa. Maigida yakan kwashi hatsi ya kai kasuwa a daidai lokacin da kowa yake kai nasa, sa'ad da farashi ya faɗi ƙasa warwas. Ya karɓi kuɗin ya shiga mota zuwa Kano, ya sayi atamfa da shadda, sa'an nan ya kai wa telan gari ya sake biya. Biki kwana biyu ne ko uku. Amma idan watan Yuli da Agusta suka zo, ga aikin noma ya yi tsanani, ga rumbu ya ga ƙasa, sai mutumin nan ya koma kasuwa ya sayi irin dawar da ya sayar da araha, a kan tsada, wani lokaci ma da bashi.

Kuɗin tufafin biki kashi biyu ne. Akwai kuɗin yadi, akwai kuɗin ɗinki. Kuɗin yadi dole ne su fita, gama ba ma saƙa atamfa a ƙauye. Amma kuɗin ɗinki babu dole su bar garinmu. Ƙungiyar gama kai da take da keken ɗinki nata na kanta, da hannu biyu ko uku da suka ƙware, tana iya tsare wannan kashi na biyu a gida, ta kuma rage ɓarnar da ake yi a kashi na fari. Abin da muke so mu duba ke nan a wannan fitowa.

Ba baƙuwar sana'a ba ce

Wani zai ce, mu manoma ne, me ya haɗa mu da allura? Wannan ya manta tarihin ƙasarsa. Ƙasar Kano da tufafi ta yi suna tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya rubuta cewa ana kai tufafin Kano har Timbuktu, da Murzuk, da Gat, da Tarabulus. Waɗannan tufafi kuwa ba a cikin birni kaɗai ake yinsu ba. Manoma ne suke shuka auduga, matansu su yi kaɗi da mazari, masaƙan ƙauye su saƙa da rani, marina irin na Kura da na Ƙofar Mata su rina da baba. Tsofaffinmu da yawa suna tuna lokacin da zanen saƙi da gwado suke cikin kayan kowace amarya.

A wannan shekara ta 1851 ɗin ce kuma wani mutumin Amurka, Isaac Singer, ya yi rajistar keken ɗinkinsa, wanda jikokinsa suka cika kasuwanninmu daga baya. Sannu a hankali yadin masana'anta ya ture na masaƙa. An buɗe babbar masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna, da Kano, da Funtua maƙwabciyarmu, wadda ta yi suna da gurzar auduga. Daga baya yawancinsu ma suka durƙushe. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Yau yawancin atamfar da ake jibgewa a Kantin Kwari daga ƙasar Sin take zuwa. Kaɗi ya tafi, saƙa ta ragu ƙwarai. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ɗinki, domin ba mai iya auna ƙugun 'yarka daga ƙasar Sin.

Kada kuma a ce wannan aikin maza ne ko na mata kaɗai. A birnin Zariya aikin wuyan babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, a da na maza ne. Daga wajen shekarun 1970 mata suka kama shi a cikin gidajensu, ya zama musu hanyar samun kuɗi. Abin da hannu ya koya, shi ne nasa.

Mu yi lissafi

Turmin atamfa yadi 6 ne, watau falle uku, kowane yadi inci 36. Daga turmi ɗaya ake fitar da zani, da riga, da ɗankwali. Mu ɗauka, don misali kawai, a cikin ƙauyuka uku da suke kusa da juna an yi aure goma a kaka ɗaya, kowane lefe da turmi biyar. Turmi 50 ke nan da za a ɗinka. Ba mu sa ankon dangi ba, ba mu sa na zumuntar mata da na mawaƙa ba, ba mu sa kayan yara na Kirsimeti da rigunan makaranta ba. Bari kowace ƙungiya ta tambayi abin da telan gari yake karɓa a kan turmi ɗaya bana, ta ninka, ta ƙara kuɗin mota na kaiwa da na karɓowa, sa'an nan ta juya jimlar zuwa buhunan dawa a farashin kaka. Idan kuka ga adadin buhunan, ba sai kowa ya yi muku wa'azi ba.

Ga kuma lokaci. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 waɗansu sun sami noman rani da kamun kifi. Amma ba kowa ne yake da fili kusa da ruwa ba. 'Yan mata da samari da yawa sukan zauna hannu rabbana daga Disamba har faɗuwar ruwa, ko kuwa su tafi ci-rani. Watannin nan su ne daidai watannin da ɗinki ya fi yawa.

Wane keke za a saya?

Ga ƙauye, keken ƙafa baƙi na ƙarfe, irin Butterfly ko Singer, shi ya fi. Ba ya bukatar lantarki ko fetur, kayan gyaransa suna nan a kasuwa, kusan kowane babban gari kuma akwai mai gyaransa. Tsohon keke mai lafiya ya fi sabo marar ƙwari. In za a saya, a tafi da wanda ya iya ɗinki, ya zauna ya taka, ya gwada shi da ƙyalle mai kauri da marar kauri, ya duba ɗinkin sama da na ƙasa. Idan zare yana tattaruwa a ƙasa, ko keke yana tsallake ɗinki, a gyara tukuna kafin a biya.

Abokan gāban keke biyu ne, ƙura da man da bai dace ba. Ƙurar hunturu takan shiga wurin ƙoshiya ta haɗu da gashin yadi ta daskare. Saboda haka a share wurin da ɗan buroshi bayan aikin kowace rana, a ɗiga mai, a rufe keken da zane. Man keke kaɗai za a sa. Kada a kuskura a sa man gyaɗa ko manja, gama sukan yi danƙo su kama ƙarfe. Allura kuma tana da lamba. Lamba 14 ta dace da atamfa, lamba 16 da yadi mai kauri, lamba 11 da yadi mai santsi ko marar kauri irin na rigar amarya. Allurar da ta dakushe takan ja zaren yadi ta ɓata shi, a canja ta ba tare da jin tsoron kuɗinta ba.

Sauran kayan aiki ba su da yawa: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai yadi, tef na awo, alli, fil, dutsen guga na gawayi, da tebur mai faɗi. Zare, da zif, da maɓalli, a saye su da yawa gaba ɗaya a kasuwar Ƙofar Wambai sa'ad da wani ya shiga Kano, ya fi arha bisa sayen ɗaiɗai.

Awo da yanka

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A wurin tela maganar nan gaskiya ce sau biyu. Ɗinkin da ya karkace ana iya farke shi a sake, amma yadin da aka yanka ba ya komawa. A auna kafaɗa, da ƙirji, da ƙugu, da kwatangwalo, da tsawon hannu, da tsawon riga, a rubuta a littafi da sunan mai kaya da ranar da aka auna. Kada a dogara ga tunani. Mace ta auna mace, wannan ma wani dalili ne na koya wa 'yan matanmu.

Yadin auduga yakan tsuke a wankin fari, don haka yadin shafi da duk wani farin yadi na auduga a jiƙa shi, a shanya a inuwa, a goge kafin a sa masa almakashi. Mai koyo kada ya fara da turmin mutane. Ya zana fasalin rigar a kan tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, ya yanka takardar, ya jera ta a kan yadi ya kafe da fil, ya ga ko komai ya shiga. Idan atamfar tana da zanen fure ko tsuntsu, a lura kada gaban riga ya dubi sama bayanta ya dubi ƙasa. A bar rabin inci a kowane gefe saboda ɗinki, a gefen jiki kuwa a bar inci ɗaya da rabi a ciki. Amarya ta yau uwar goyo ce ta baɗi. Rigar da aka bar wa wuri za a buɗe ta a ci gaba da sawa, wadda aka matse kuwa sai akwati.

Rigar amarya

Nan ne kuɗi suka fi zubewa. Farar rigar aure ba doka ba ce ta ekklesiya. Al'adar Turawa ce da ta bazu bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi aure da farar riga a 1840. Kafin wannan, amaren can ma rigarsu mafi kyau suke sawa, kowane launi ne. Wadda ta tsaya a gaban jama'a da atamfa ko leshi mai tsabta aurenta bai ragu da komai ba. Amma 'ya'yanmu da yawa suna son farar riga, ba laifi ba ne kuma. Abin dubawa shi ne yadda za a same ta ba tare da an taɓa abincin damina ba. Akwai hanya biyu.

Hanya ta fari, a ɗinka wa amarya tata, amma da dabara. Maimakon doguwar riga guda mai jan ƙasa, wadda ba ta da amfani bayan yini ɗaya, a yi ta kashi biyu, riga da siket. A zaɓi farar shadda ko farin leshi na auduga, a yi mata shafi, a yi hannu da wuya na mutunci. Bayan biki za a iya kai ta marina a rina ta shuɗi ko wani launi, ta zama kayan zuwa sujada na shekaru. A lura, auduga ce take kama rini da kyau, yadin roba mai ƙyalli ba ya kamawa. Mayafin raga kuwa ana iya aronsa.

Hanya ta biyu, ƙungiya ko zumuntar mata ta ɗinka riguna biyu nata na kanta, babba da matsakaiciya, ta riƙa bayarwa haya a kan kuɗi kaɗan. Irin wannan riga a yi mata igiya ta ɗauri a baya maimakon zif, domin ta shiga jiki dabam dabam, a kuma bar kalmasa mai faɗi a ƙasa saboda doguwa da gajera. Bayan kowane biki a wanke ta da hannu, a shanya a inuwa, a naɗe cikin farin zane, a ajiye a akwatin ƙarfe inda ɓera da gara ba za su kai ba. Kada a ajiye ta cikin leda, gama laima takan sa ta yi ɗigo-ɗigo baƙi. Wata uwa za ta ce, 'yata ba za ta sa abin da wata ta sa ba. To, sai a tuna mata cewa a birni ma amare da yawa haya suke yi. Bambancin kawai shi ne kuɗin hayar nan a asusunmu za su zauna.

Ko wace hanya aka bi, a fara da wuri. A auna amarya wata biyu kafin biki. A fara harhaɗa rigar da ɗinkin hannu mai faɗi, ta gwada, a gyara, sa'an nan a hau keke. A sake gwadawa saura mako biyu, da takalmin da za ta sa ran biki, domin a san tsawon. Mai ɗinki ya wanke hannu kafin ya taɓa farin yadi, ya shimfiɗa zane a ƙasa, ya fara taka keken a kan ƙyalle don ragowar mai ya fita. Wajen guga, a ɗora farin ƙyalle a kai, gama tartsatsin gawayi ɗaya ya isa ya lalata aikin wata guda.

Gudummawa daga ƙyalle

Ba kowa ne yake da kuɗin sayen kwano ko kula ya kai gudummawa ba, kunya kuwa takan sa mutum ya ci bashi. Mai keke ba ya rasa abin kaiwa. Zanen gado da rigunan matashin kai, labulen ƙofa, majanyi, jakar littafi, rigar jariri da hularsa ran suna, duk waɗannan yankansu a miƙe yake, su ne ma aikin da ya kamata mai koyo ya fara da shi. Ɗan surfani na fure ko sunan ango da amarya a bakin rigar matashi yakan sa kyauta ta yi daraja, amarya kuma ba ta manta wadda ta zauna ta yi mata.

Ƙyallayen da suke zuba ƙarƙashin tebur su ma dukiya ne. A yanka su murabba'i daidai wa daida, inci 5 ko 6, a haɗa su a yi bargon yara na hunturu. Ƙananan da ba su haɗuwa a cusa su cikin matashi. Amma babban ƙyalle na mai yadi ne, a naɗe a mayar masa tare da kayansa. Telan da yake mayar da ragowar yadi ba ya neman masu kawo aiki, su suke nemansa.

Inda akan yi tuntuɓe

Kekunan ɗinki nawa ne aka raba a ƙauyuka, yau suna jingine a lungu kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu? Ba keken ne ya gaza ba, tsari ne babu. Ga abubuwan da ƙungiya za ta yanke tun kafin ta saya, tun ran gini ran zane.

Na ɗaya, koyo kafin keke. A zaɓi mutum biyu, a kai su wurin ƙwararren tela a Karaye, ko Rogo, ko Gwarzo, su zauna har su iya yanka da kansu. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Mutum biyu muka ce, domin idan ɗaya ta yi aure ta bar gari kada aikin ya bi ta. Kowane wanda ƙungiya ta koyar ya yi alkawari zai koya wa wani.

Na biyu, keken na ƙungiya ne. A rubuta haka a littafi, a ajiye shi inda kowa ya yarda, kada ya zama na matar shugaba a hankali.

Na uku, a raba kuɗin ɗinki uku: ladan mai ɗinki, kuɗin zare da mai da gyara, da na asusu. Ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa a taron wata.

Na huɗu, bashi. Wannan shi ne babban makashin sana'a a ƙauye, domin kowa ɗan'uwa ne. A karɓi rabi kafin alƙalami, sauran ran karɓar kaya. Wanda ba shi da kuɗi a hannu ya biya da hatsi, a auna da kwano a farashin ranar. Ƙungiya ta ajiye hatsin har damina, ta sayar wa 'ya'yanta da rangwame. Ta haka dawar da da an loda ta a mota ta zauna a gari.

Na biyar, alkawari. Kowa ya san yadda akan zauna a shagon tela daren Salla ko daren Kirsimeti ana jira ana faɗa. Kada ku karɓi aikin da ya fi ƙarfinku. Ku lissafta kaya nawa keke ɗaya yake gamawa a mako, in littafi ya cika ku ce ya cika. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna da ɗinkin Salla da na biki, za su kawo wa duk wanda suka ga yana cika magana.

Abin yi a taro mai zuwa

Magatakarda ya sa maganar nan cikin abubuwan tattaunawa, a kuma gayyaci mata, gama su suka fi sanin abin da ake kashewa. A ƙirga auren da aka yi bara da wanda ake sa rai bana. A tambayi wa yake da keke a gari, wa ya taɓa koyo ya bari. Mai yiwuwa ne ba sai an sayi sabo ba, wani yana nan yana jiran mai da bel kawai. In kuwa sai an saya, a yi adashi, ko a ware gonar ƙungiya ɗaya a ce amfaninta na bana na keke ne.

Iyayen amarya da na ango kuma su zauna tun da wuri su yi magana a kan yawan lefe da anko, daidai ruwa daidai tsaki. Amarya za ta yi kyau ran bikinta da rigar da 'yar'uwarta ta ɗinka. Za ta fi jin daɗi kuma in Agusta ta zo ta tarar akwai abin tuƙawa a gidan mijinta da na ubanta. Ƙungiyar da ta riga ta gwada wannan aiki, ta rubuto mana yadda ta yi, da abin da ya ba ta wahala, domin sauran su ƙaru.